Ruwan Shuka Ran Lahadi

Maigidana ya shiga addinin Kirista ne a asibitin mishan, inda aka yi masa aikin ido shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai. Ya dawo ƙauyenmu na kusa da Bambeye da ido garau da kuma Littafi Mai Tsarki a aljihun riga. Ni kuwa na bi shi, don mutum ne da ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Danginsa sun yi fushi, sun gaji, sun bar shi. Wansa ne kawai bai daina tsokanarsa ba, kullum yana ce masa "limamin Lahadi".

Mutumin kirki ne, amma ya ɗauki karatun nan da zafi. Wuraren da aka yi maganar rahama yakan wuce su da sauri. Inda aka faɗi abin da ke samun wanda ya saɓa wa Allah, nan yake shimfiɗa tabarma. Ya sha karanta mini yadda sama za ta ƙafe wa masu taurin kai, su shuka da yawa su girbe kaɗan, da labarin mutumin da ya fita tara itace ranar hutu ya rasa ransa. Saboda haka ran Lahadi ko igiyar akuya ba ya kuncewa, ni ke yi, yana kau da kai.

Wata shekara damina ta makara. Shukar farko ta tsiro ta ƙone, irin hatsin da ya rage mana bai wuce na cikin 'yar jakar fata ɗaya ba. Sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, da asubahin Lahadi. Gonarmu jigawa ce, yashi zalla. In ba ka shuka ranar da aka yi ruwa ba, kashegari laimar ta nutse, sai ka jira wani ruwan da ba wanda ya yi maka alkawarinsa. Kafin rana ta fito gari ya watse, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙoƙon iri. Nawa mijin ya wanke fuska ya zauna ya buɗe littafi.

Na ce, "Maigida, ƙasa ta jiƙa hwa."

Ya ce, "Na gani. Wanda ya aiko ruwan ya san ranar da ya aiko shi. Gwada mu shikai."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ga ciki wata bakwai, ga rumbu ya kusa ƙasa. Amma na gane shi ma tsoro ne ya cika shi, na yunwa da na Allah, sai na koma aikina.

Da hantsi, maigida ya zaga bayan gida, sai ga wansa ya shigo, ƙafafu duk taɓo, ya gama tasa gonar ta kusa. Ya ce mini, "Amarya, ina irinku yake?" Ni dai na turo baki wajen rumbu, ya ɗauki jakar ya fice. Har yau ban ji inda aka ce turo baki aiki ne ba.

Da maigida ya dawo ya ga ba jaka, ya bi wansa da gudu, ni ma na bi a hankali. Muka tarar wan yana sara da sungumi, matarsa da 'ya'yansa suna biye, suna jefa iri suna rufewa da diddige.

Maigida ya ce, "Yaya, don Allah ku bari. An hana ni, an hana ɗiyana, an hana barana, hab baƙon da ya sabka gidana an hana."

Wan bai ko ɗago ba. Ya ce, "To ni wanne ne ciki? Ni ba ɗanka ba, ni ba baranka ba. Gonag ga kuwa ta ubanmu ta, tun ba a haihe ka ba nike shibka ta. Tahi ka hutu, limami."

Bai tafi ba. Ya tsaya bakin gona, hannu a baya, har suka gama. Na ji shi yana addu'a ƙasa-ƙasa, wai in akwai laifi a ɗora masa shi kaɗai, a bar wansa.

Kwanakin da suka biyo baya bai ci abincin kirki ba. Kullum da safe yana gona yana duban sama, yana jiran hukunci. Ranar da hatsi ya huda ƙasa layi-layi, ya dawo ya zauna kusa da ni, idonsa da ƙwalla, ya ce, "Allah bai riƙe mu da laifi ba." Na yi murna, na dama masa fura mai kauri.

Da noma ya kama, ran Juma'a wan ya hau jaki ya tafi masallaci a Tahoua. Da ya dawo ya tarar ƙanensa ya nome masa rabin gona. Ba su taɓa zama sun yi maganar ba, amma haka suka ci gaba shekara da shekaru, wannan ya ɗauke wa wancan ranarsa.

Wan ya riga shi rasuwa. Daminar da ta biyo, ruwan shuka ya sake faɗowa ran Lahadi, maigida ya zauna bai ko buɗe littafin ba. Sai muka ji sallama. Babban ɗan marigayin ne tsaye a ƙofa da sungumin ubansa, ya ce, "Inna, ina irin?"