Ka Tafi Hatsin Bai Ƙosa Ba, Mushe Alhassan

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 9 ga Satumba 2025, ina gona wajen hanyar Matankari labari ya iske ni cewa Mushe Alhassan, tsohon malamin kimiyya a nan Dogon Dutsi, inda muke ce wa malamin boko Mushe, ya rasu bayan gajeruwar jinya.

Mushe, ni Ma'azu ban zauna ajinka ba, don ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. A bakin juji muka san juna. Ina loda shara a amalanke zan kai gona taki, kamar yadda kowa ke yi kafin damina, ka tsaya da sandarka ka ce, "Ɗana, taki za ka ba gonar nan, ko ledar fiya wata?" Na ce ai rana tana cinye leda. Ka ce, "Rana ba ta da ciki. Marmasa ta kawai take yi."

Washegari ka biyo ni gona da rariyar Inna Hasiya, matarka, wadda na ji ta daɗe tana yi maka mitarta. Ka tankaɗe ƙasa, ka zuba a ruwan gishiri, sai ga ɓurɓushin leda baƙi da shuɗi yana tasowa, wani ko ƙwayar hatsi bai kai ba. Ka ce masu bincike sun same shi a teku, a cikin kifi, har a jinin mutum. Na tambaye ka ko yana kisa. Ba ka tsorata ni ba. Ka ce har yanzu ba a gama sanin iyakar cutarwarsa ba, kuma irin ƙasarmu ta rairayi kaɗan ne suka duba ta.

Haka kake. Abin da ba ka sani ba, ba ka yi masa ado. Sau da yawa na ga mahauta sun kira ka ka ga ledar da suka fitar daga tumbin akuya, ka je ba ƙyama, ka fara da yi wa mai akuyar jaje.

Bana ka roƙe ni na raba gonata biyu: gabas takin da muka tsince ledarsa, yamma juji yadda yake. Ka ce shekara guda ba za ta yanke hukunci ba, amma da ita ake farawa. Yanzu hatsi ya fitar da kai, ba ka nan.

Yayana Buba ya ce, "Mai wasan ya tafi, ka haɗe dammanka wuri guda ka huta." Na ce a'a. Zan girbe kowane gefe daban, in ɗaure daban, in jira ɗiyarka Nusaiba da ke jami'a a Yamai ta zo ta auna. In babu bambanci, haka zan faɗa wa mutane, ba ƙari.

Inna Hasiya, Nusaiba da sauran iyali, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Allah Ya gafarta maka, Mushe, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ilimin da ka bari ya riƙa iske ka. Mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amana har girbi.