Na'urar Hudu Ta Zaga Unguwa

Hudu maƙwabcina ne a Maigatari, shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Aikinsa lodin shanu a kasuwar Alhamis. A unguwarmu bayan magariba kowane magidanci kan fito da kwanonsa ƙofar gida a ci tare, kuma ni shaida ne, Hudu bai taɓa barin ƙanzo ya kwana ba. Nakan ce masa, "Angon Hasanatu, bar mana kwanon dai, ba a cinsa."

Bara waccan wani bijimi ya turo shi daga saman tirela, ya faɗo ta baya. Likitoci a Kano suka ce lakarsa ta taɓu. Ƙafafu suka tafi. Wannan ya haƙura da shi, har cewa yake in zo mu yi tsere, shi a keken guragu ni a ƙasa. Abin da ya karya shi ciki ne. Sai ya yi kwana biyar babu bayan gida, sannan ya zo masa babu sallama. Rannan abin ya zo masa muna tsakiyar cin tuwo. Tun daga ranar bai ƙara fitowa ba. In ka leƙa da kwano sai ya ce azumi yake.

Da aka koma asibiti, wata likitar gashin ƙashi ta ba shi na'ura kamar ƙaramar rediyo, da wayoyi, da faci huɗu masu danƙo da ake manna masa a ciki. Lantarki kaɗan take saki, tsoka ta motsa. Ta ce a yi kullum har wata biyu, wataƙila cikin ya koyi lokaci. Ba ta yi alkawari ba. Ta ja kunnen matarsa Hasanatu cewa facin nasa ne shi kaɗai.

A sati na uku abu ya fara zuwa da safe. Hudu ya ce, "Gaya wa 'yan majalisa su ƙara tuwo, ina tafe."

Ni na ɓata lamarin. Na ce, "Kai da ake jona wa caji kamar waya, ara mini in gwada a ƙuguna mana." Ya yi dariya ya miƙo. Na ji daɗinta, na kuwa baza labari. Washegari Goggo Kyauta ta aiko, wai gwiwa. Sai mai shayi, wai kafaɗa. A nan ko turmi ba a hana maƙwabci, bare abin lafiya.

Hasanatu ta ce, "Malam, likita fa ta hana."

Ya ce, "Goggon da ta goya ni zan ce wa a'a?"

Na'ura ta kai har garin Ɗanzomo. Ta dawo bayan kwana goma sha biyu, facin duk gashi da man zafi, ba ya kama fata. Mun gwada salatif, mun gwada ƙaro. Masu kemis a Gumel ba su ma san shi ba. A Kano aka ce likitar ta bar wurin, facin kuma sai an yi oda. Ciki ya koma gidan jiya.

Jiya na shiga da kwanona. Na ce, "Ango, tashi, miyar kuka ce, ƙanzon ma na bar maka."

Yana kallon bango ya ce, "Abdurra'uf, azumi nake."

"Bayan magariba?"

Bai juyo ba. Na ɗauko kwanona na fito.