Lambar Azurfa a Kan Gammo

Shekarar da aka yi tseren keke a babban filin da ke bakin unguwar Bitoriya, a birnin Bahiya, mu muka hau da kekunan daga tashar jiragen ruwa. Aikinmu ke nan, dako. Duk abin da jirgi ya sauke a ƙasan gari, kawunanmu ne ke kai shi sama. Kekunan lokacin ƙafar gaba ta kai ƙirjin mutum, ta baya kuwa ba ta fi faifai ba. Masu su samarin Turawa ne, wasu 'yan gari, wasu jirgi ya kawo su daga ƙasashen kudu.

Na riga na fanshi kaina a lokacin. Kada wani ya ɗauka abin arziki ne. Wanda aka kamo daga ƙasar Hausa, ko ya 'yantu, baƙo ne a Bahiya har ya mutu. In aka ce ya yi sata, bulala ce tukuna, sannan a sa shi a jirgi a jefar da shi a gaɓar Afirka. Akwai masu roƙon Allah ya kawo jirgin nan. Ban da ni. Ina yaro aka kamo ni, ban san ƙofar kowa ba a can, matata da 'yata kuwa nan aka haife su, ɗaki ɗaya muke a unguwar Barokinya. Ba wanda zai sa su a jirgin tare da ni.

Muka tsaya bayan igiya muna kallo, su suna ta kewaya fili, mata na kaɗa hankici. Da aka gama aka hau da mutum uku kan dandamali. Wani dogo daga cikin baƙin ya ɗauki lambar zinariya, ɗan'uwansa ta tagulla. Ta azurfa ta faɗa wa ɗan wani attajiri na Bitoriya, wanda ni na ɗauko kekensa, kuma tun a tasha nake jin yana cika baki. Ya sauko fuska ja wur. Bayin gidansu suka ɗauke keken. Da ya zo wucewa ta gabana sai ya fizge lambar daga wuyansa, ya cusa mini a hannu, ya faɗa keken doki, suka tafi. Bai ce kai gida ba, bai ce na ba ka ba. Bai ma dube ni ba.

Na ji sanyin ƙarfen a tafin hannuna. Na waiga, ba Baturen da ya gani. Nan da nan na tura ta cikin ƙugun wandona.

Tsohon da ke shugabancin rukuninmu na 'yan dako, Bahaushe ne, Baba muke ce masa, ya damƙe mini hannu.

"Me ka ɓoye?"

"Ba komai, Baba."

"Ba komai ne ya sa leɓenka ya bushe? Fito da ita, sakarai."

Na fito da ita. Na ce bari in jefa ta a kwata. Ya ce yaron zai huce kafin la'asar ya nemi kayansa, kuma kowa ya san wanda ya ɗauko masa keke.

"Shekara nawa kana dako ba ka san wannan ba? Ɗan sanda bai taɓa tambayar abin da ke kan ɗan dako. Na ƙugu yake tambaya. Ina gammonka?"

Ya ɗora mini gammo, ya shimfiɗa lambar a kai, ya bar zaren nan mai launi yana reto a gefen kunnena yadda makaho ma zai gani.

"Tsakiyar hanya za ka bi. Kada ka yi sauri. Ka yi waƙar aiki."

"Baba, wace waƙa? Ni kaɗai, da kaya kamar ƙwayar goro?"

"To yi kuka. Amma tafi."

Na kama hanyar Bitoriya, rana tsaka. Ni da na saba ɗaukar gangar giya, ranar wuyana ya ƙage. Matan Yarbawa masu tuyar ƙosai a bakin hanya suka hango ni suka fashe da dariya.

"Bahaushe, a kira mutum huɗu su taya ka?"

"Sannu da ƙoƙari, kada bayanka ya karye!"

Wata ta ce in dawo ta ba ni ƙosai in mayar da ƙarfi. Da wata rana ce da na rama. Ranar wucewa kawai na yi.

Ban yi nisa ba ɗan sanda ya fito daga inuwar wani mangwaro. Ya dube ni, ya dubi kaina, ya sa sanda ya ɗaga zaren.

"Ta wa?"

Na faɗi gidan, da guntun yaren Fotugis ɗin da na iya.

"Wa ya ba ka?"

"Ɗan maigida, Sinyo." Haka muke ce wa Bature.

"Ya ba ka. Azurfa." Ya yi murmushi. "Mu je ya faɗa da bakinsa."

Yana baya ina gaba. Ina jin takalminsa a kan duwatsu. Duk addu'ar da na sani na karanta a zuci, ba su da yawa, karatuna bai yi nisa ba, na ƙare na sake. Abin da ke cina shi ne, yaron nan ba ya son ganin lambar. In ya ce bai san ni ba, shi ke nan. Maganata da tasa ba a awo ɗaya ake sa su ba.

A ƙofar gidan wata baiwa ta leƙo, ta koma. Muka daɗe a rana. Can yaron ya fito saman bene, ya cire rigar tsere, da kofi a hannu. Ɗan sanda ya cire hula ya yi bayani, ya ce ya kama wannan da kayan gidan, yana cewa wai ba shi aka yi.

Yaron ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Wataƙila haka ne. Lambar tana rawa a kan gammo, ina tsoron ta faɗo in zama wanda ya yar da ita kuma. Daga cikin gida na ji muryar uban yana tambayar su wane ne.

Sai ya yi sauri ya ce, "Ni na ba shi. Ku tafi da ita, ba na so. A jefa a teku."

Ya shige ya rufe taga.

Ɗan sanda ya miƙa hannu ya ɗauke ta daga kaina, ya goge ta a hannun riga, ya sa a aljihu. Ya ce me nake jira.

Na yi 'yar tafiya kaɗan na tsaya. Na zauna gindin katanga na yi amai. Da na ɗaga kai sai ga Baba tsaye a tsallaken hanya, ashe tun daga fili yake bina daga nesa.

"An sake ka?"

"An sake ni."

"To alhamdu lillahi. Tashi ka wanke baki. Mai zinariya yana son a saukar masa da kekensa tasha, jirginsu da safe zai tashi, kuma ya ce in aka ƙuje masa fenti sai ya kira ɗan sanda."