Tangaran a Cikin Dusa

Sana'ata walda ce, kuma shekaru da dama babban aikina a garin Isa shi ne mazurarin yayana. Yana da injin surfe da niƙa a bayan kasuwa, inda ake kawo masa gero da dawa. Idan inji yana surfe, fanka ce ke zuƙe dusa da ƙura ta tura su cikin wani dogon ƙarfe mai faɗin kai da tsukakken gindi. Shi muke kira mazurari, don kamarsu ɗaya da na zuba mai. Iska tana juyawa a cikinsa kamar guguwa, dusa ta gangara ƙasa ta faɗa buhu, iskar kuma ta fice ta bututun sama. Ba don shi ba, da ba mai iya numfashi a ɗakin injin.

Geronmu a ƙasa ake sussuka shi, don haka ba ya rabuwa da rairayi. Rairayin nan shi ke wuni yana zagaya cikin mazurari yana cin ƙarfen har ya huje. Kowace kaka sai na hau tsani na yi masa faci, har facin ya fi asalin ƙarfen yawa.

Da yayana ya gaji, sai ya sayo sabo, wanda aka shimfiɗe cikinsa da ƙananan farantan tangaran farare, an manna su ɗaya kusa da ɗaya. Rairayi ba ya cin su. Wani makaniki mutumin Maraɗi ne ya zo ya kafa shi, dattijo mai sanyin magana da yake jefa Faransanci cikin Hausarsa. Da ya gama sai ya zaunar da mu a kan benci, ya dubi yayana.

"Alhaji, wanga ba irin tsohon ba ne," in ji shi. "Yashi ba ya iya mishi komi, amma duka guda na hwasa shi. In ya toshe, a kashe inji, a bari fanka ta tsaya cik, sannan a buɗe ƙohwar gefe a zungure da sanda a hankali. Wanda duk za shi sa kai ciki, shi cire hannun tada inji shi aje kusa da ƙahwarshi, kada wani shi zo shi murza bai sani ba."

Ya juyo gare ni ya ce kada in kuskura in kai wutar walda jikinsa, zafi yana saki gam ɗin da ke riƙe da tangaran. Na yi dariya na ce ashe an sallame ni ke nan.

Damina ta wuce lafiya, sabon gero ya shigo. Geron farko yakan zo da danshi, dusarsa tana dunƙulewa. Wata ranar kasuwa ina shagona, mazurari ya toshe a wuya, inda ya tsuke, ga mata cike da rumfa suna jira. Yayana ya yi abin da hannunsa ya saba yi wa tsohon ƙarfen: ya ɗauki taɓarya ya buga wa gefensa. Dusa ta zubo, aiki ya ci gaba. Da la'asar wani Arɗo daga wajen Kurawa, wanda ya daɗe yana sayen dusa a wurinmu don shanunsa, ya kwashe buhunan dusar ranar gaba ɗaya.

Washegari da hantsi yayana ya zo shagona da kansa, abin da ba ya yi. Ya buɗe tafin hannunsa. Wani farin ɓarɓashi ne mai kaifi kamar aska, ga yatsansa ɗaure da tsumma.

"Ina shara na same shi ƙarƙashin mazurari," ya ce. "Jiya na buge shi da taɓarya."

Muka koma tare. Ya kashe inji, muka jira fanka ta tsaya, na cire hannun tada injin na ajiye a gefena, na ɗaure hancina da rawani na leƙa da tocila. Kusa da wuya, faranti ɗaya ba ya nan, sai baƙin gurbinsa. Abin da muka tsinta a ƙasa bai kai rabinsa ba. Garin da aka niƙa wa mutane bai dame mu ba, domin hatsi ba ya bi ta mazurari. Sauran yana cikin dusar Arɗo.

"Yaya, mi za mu yi?" na tambaye shi.

"Kurawa za ni. Ka ɗauko babur ɗinka."

A shekarun can hanyar tana biyuwa ba fargaba. Muka ratsa gonakin dawa da ba a kai ga yankewa ba, yayana a bayana yana ta jan carbi. Mun isa rugar Arɗo bayan azahar. Arɗo yana zaune gindin wata aduwa yana tufkar igiya. Bayan gaisuwa mai tsawo, yayana ya nuna masa ɓarɓashin, ya faɗa masa komai yadda ya faru, bai rage ba.

Arɗo ya juya abin a hannunsa. Ya ce buhu ɗaya kawai aka buɗe, da safe aka jiƙa wa wata saniya mai tsohon ciki, ta kuwa cinye.

"Abin da ta ci, ta ci," ya ce. "Mu duba wanda ya saura."

Aka shimfiɗa tabarmi a inuwa. Matan rugar suka fito da rariyoyinsu, muka zazzage buhunan ɗaya bayan ɗaya muna tankaɗewa. Aiki ne mai cin rai, dusa tana shiga ido da gashi. Duk wanda ya ji ƙaras a rariyarsa sai ya tsince ya kawo mini. Ni kuma ina haɗa gutsattsarin a kan faifai, kamar mai gyaran fasasshiyar ƙwarya. Kafin la'asar sakaliya farantin ya kusa cika, sai wani ɗan kusurwa kamar farce da ba mu gani ba. Muka sake tankaɗe ragowar buhun da aka buɗe, muka duba ƙwaryar da saniyar ta ci a ciki. Babu.

Yayana ya je ya tsaya kusa da saniyar, wata fara mai dogayen ƙaho, tana tuƙa abinta ba ruwanta. Ya ce wa Arɗo idan wani abu ya same ta, a wuyansa yake. Arɗo ya girgiza kai.

"Alhaji, da ka yi shiru, da ba ni da labari. Ku sha nono ku kama hanya tun rana ba ta hwaɗi ba."

Inji ya kwana biyu a kashe kafin makanikin ya samu zuwa. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya kankare tsohon gam, ya manna sabon faranti, ya bi sauran yana ƙwanƙwasa su da bayan yatsa yana saurare, har ya gano wasu biyu da suka saki ya canja su. Ya ce a bar shi ya bushe sosai kafin a tada inji. Masu kawo niƙa suka yi ta zuwa suna komawa, yayana yana ba su haƙuri a bakin ƙofa.

Duk ranar kasuwa sai ya nemi mutanen Kurawa ya tambayi lafiyar saniyar. Ana cikin haka Arɗo ya zo da kansa ya ce ta haihu, maraƙi namiji, uwa da ɗa lafiya lau. Ɗan kusurwar nan ba a taɓa ganinsa ba.

Daga wannan kaka yayana ya daina karɓar gero mai danshi. Yakan tura hannu cikin kwano, ya ɗebo ƙwaya ya ciza. Idan bai ji ta fashe ƙas ba, sai ya nuna wa mai shi wani fili da ya sa aka dandaɓe da siminti a gefen rumfa, ya ce ta shanya. Mata sun yi ta mita da farko, wasu har suka koma wani inji. Daga baya suka saba, suka riƙa zuwa da sassafe su baza geronsu, su zauna hira a inuwa suna korar kaji har rana ta yi aikinta.