Buhun Taki a Ƙarƙashin Babbar Riga

Shekarar da matata ta yi haihuwar fari, gidansu ta tafi wanka, can wani ƙauye a Masanawa ta ƙasar Kabo, ni kuma aka bar ni a Gwarzo daga ni sai ƙadangarun tsakar gida. An ce da ta yi arba'in za a dawo min da ita. Arba'in ta zo, ta gaishe mu, ta wuce, babu mata babu ɗa. Ga sanyi ya shigo, irin wanda in ka tsoma hannu a randa sai ka yi salati. Zama ya gagare ni. In buɗe shagona na kayan waya, in tashi in leƙa titi, in tafi gida in tarar ba kowa, in dawo shago. Maƙwabcina ya ce da za a miƙe zirga-zirgar da nake yi a wuni ɗaya, da tuni na yi Umara a ƙafa.

Ba wai ban je ba. Na je, na kuma komawa. Matsalar ita ce maganar dawowarta sai da bakin surukina, Baba, shi kuma albasa yake nomawa a fadama, ba ya shigowa gida sai wajen isha'i. Ni kuwa da la'asar ta yi sai in fara tunanin hanya, don fitilar babur ɗina ko kanta ba ta haskawa, sai in yi sallama in gudu. Wadda nake tararwa kullum ita ce kakar matata, wata tsohuwa da ke ce min angonta tana cinye min tsaraba. Maganarta ɗaya ce: sanyi bai wuce ba, jariri ba ya hawa hanya. Na duba na ga in aka biye mata, yaron nan sai ya yi gemu a Masanawa.

Sai na yanke shawara: wannan karon ba zan taso ba sai na ga Baba, ko da dare zai rutsa ni a can. To amma in ya rutsa ni, ina zan kwana? Cikin gidan surukai dai ba wurin kwanana ba ne, kuma ko sanyi zai kashe ni ba zan iya buɗe baki in ce a miƙo min mayafi ba. In kuma na ɗaure bargo a bayan babur, kafin in kashe inji duk ƙauyen ya ji cewa mijin wance ya zo da shirin kwana. Wannan magana jikokina ma sai an yi musu gorinta. Ke nan duk abin da zan ɗauka, dole ya zama ido bai gan shi ba.

Na tafi wajen taubashina, ɗan kawuna, direban babbar mota ne wanda rabin rayuwarsa a gefen titi ya kwana. Sai da ya gama dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce shi a saninsa ba bargo ke ceton mutum ba. Sanyi, in ji shi, ɓarawo ne mai ƙofa uku: ƙasa, ƙafa da kai. In na toshe su, ko a kan dutse zan yi minshari. Ya ce in sa safa a kan safa har uku, in cusa hular sanyi a aljihu, in ƙulle ashana a leda don raɓa. Ya haɗa ni da dabino da ƙuli-ƙuli, da guntun citta na tauna, da ɗan kwalbar man zafi. Na kawo maganar filas ɗin shayi, ya tambaye ni ko biki za ni. Na ce tabarma fa, ya ce in ɗauko gado ma mana.

Can ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon buhun taki, wankakke. Ya ce wannan shi ne sarki: in zura ƙafafuna ciki har ƙugu, ƙasa ba ta isa ta taɓa ni ba. Na ce ai ba zai shiga aljihu ba. Ya dube ni kamar ya ga sabon karen mota.

"Kai dai Allah bai yi maka kai ba. Wa ya ce maka aljihu? A ciki ake naɗa shi, kamar ɗamara."

Haka aka shirya ni da safe. Singileti, rigar sanyi ta gwanjo, buhu a naɗe a ciki, wata rigar a kai, sannan babbar rigata ta sallah ta rufe asiri. Na tsaya gaban madubi na ga wani Alhaji da ban sani ba. A kan babur kuwa daɗi na ji, iska na dukana ina yi mata dariya, har na ce taubashin nan ya kamata a ba shi sarauta.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne rana. Na isa da hantsi ya ɗaga, kuma ranar, cikin ikon Allah, Baba bai je fadama ba. Yana zaune ƙofar gida a kan tabarma, ya zaɓi inda rana ta fi zuba yana shan ta. Na cire takalmi na tsuguna zan gaishe shi, buhu ya ce ƙaras. Na ce ina kwana, ƙaras. Ina gajiya, ƙaras. Ya gida, ya sanyi, ya albasa, ya mai jego, kowace gaisuwa da amshinta. Baba ya waiwaya bayansa yana neman akuyar da ke cin leda.

Ya nuna min gefen tabarma, cikin ranar nan. Na zauna a sandare, ko numfashi a hankali nake ja. Kafin mu gama maganar farashin taki, gumi ya fara gangaro min ta bayan kunne. Man zafin da na shafa a ƙirji tun a gida ya farka ya kama aiki. Na rantse da za a ajiye ƙwai a hammatata a lokacin, da ya dahu. Ina ta juya yadda zan sako maganar da ta kawo ni, sai ga tsohuwa ta fito da kwanon fura.

Ta dube ni, ta matso, ta ɗora bayan hannunta a goshina, ta janye da sauri. Ta ce wa Baba angonta ba shi da lafiya, ga gumi a tsakiyar sanyi, ga warin man zafi, ga jiki duk ya kumbura. Na ce lafiyata ƙalau, ƙiba ce. Ta ce wace irin ƙiba ce ke tsayawa a ciki ta bar wuya kamar na zalɓe. Nan take ta yanke hukunci: ba za a kai mata jariri gidan mai zazzaɓi ba, ko ɗaukarsa ma yau ba zan yi ba, sai na warke an gani. Ta koma ciki tana cewa a dafa min ganyen darbejiya.

Na ji kamar in kwanta a wurin. In na yi shiru, na zama majinyaci, mata kuma sai damina. In na faɗi gaskiya, na tona wa kaina asiri gaban surukina. Ina cikin wannan aka kira azahar.

Baba ya miƙo min buta. Na so in zagaya bayan masallaci, ya ce ga wuri nan kusa da shi. Hannun riga ya ƙi naɗuwa sai da na yi kokawa da shi. Da aka zo ƙafa, na cire safa, sai ga safa. Na cire ta, sai ga wata. Na sunkuya in wanke, hular sanyi ta zubo daga aljihu, ashana ta biyo ta, dabino ya gangara har gaban Baba. Buhun ma ya ga an fara fita, sai ya saki, bakinsa ya leƙo ta ƙasan riga da rubutunsa da komai.

Baba ya daɗe yana kallon kayan. Ya tsinci dabinon ya hure, ya miƙo min.

"Ashe kwana ka zo yi."

"A'a Baba. Ko da za ta kama ne."

"A ina?"

"Nan waje, Baba. Gindin tarin karan can."

Bai yi dariya ba, amma na ga gemunsa na rawa. Muka yi salla, ni a ƙarshen sahu ina riƙe da ciki. Da aka idar ya shiga gida, na jiyo muryar tsohuwa ta tashi sama, ta daɗe a can, sannan ta sauko. Ya fito ya ce gobe in rana ta yi zafi za a ɗauko mota a kawo min matata da yaro, tsohuwa za ta rako. Ya ce in tafi yanzu da haskena in share ɗaki.

Na yi godiya har goshina ya kusa taɓa ƙasa, na hau babur. Amma ina kaiwa mararrabar da hanyar ƙauyen ta haɗu da titi, hannuna ya ƙi murɗa mai. Na san tsohuwar nan. Dare ɗaya ya ishe ta ta gano wani sabon sanyi. In mota ba ta fito ba, gara ina kusa in koma in sake tsugunawa. Na jingine babur a rumfar wani mai shayi, da ya tashi na roƙe shi aron benci. A nan na kwana, ƙafafu a buhu, hula har hanci, ina tauna citta. Maganar taubashi ta ƙofa uku gaskiya ce, sai dai ya manta bai gaya min ta huɗu ba, wato baya.

Da hantsi sai ga motar, tsohuwa a gaba ta hakimce kamar ita ta saya. Matata na baya rungume da yaro. Ta hango ni ina fitowa daga buhu, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Na bi su a baya har Gwarzo, ina yi wa direba hon duk inda ya taka rami.

A ƙofar gida tsohuwa ta ce kowa ya zauna, ita za ta fara shiga. Ta leƙa ɗakin, ta ga kwanukan da na tara da wankin da ya kai taga, ta fito ta ce wa direba kada ya kashe mota. Ban tsaya jin sauran ba. Na fizgi tsintsiya, da babbar rigar sallah da komai, na yi sharar da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, kwanuka kuma na tura su ƙarƙashin gado da ƙafa. Ta sake shigowa, ta shafa ƙasa da yatsa, ta duba, ta taɓe baki. Sannan ta leƙa waje ta ce wa matata ta shigo da yaron, amma ta rufe masa kai.