Ranar da Baba Ya Sake Jin Takensa

Mahaifina mahauci ne, kuma a zamaninsu kowane mahauci yana da takensa, wato ɗan kiɗan da mai kalangu ke yi masa shi kaɗai. Ko yana tsakiyar fiɗa aka ɗauko taken, sai ya ɗago kai. Mai kalangun da ke yi wa Baba ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa kuwa sun koma sayar da kayan waya. Daga baya kunnen Baba ya yi nauyi, har sai ka tsuguna kusa da shi ka ɗaga murya, shi kuma ya gyaɗa kai don kada ka ji kunya. Ya daina zaman majalisa a ƙofar gida, ya koma cikin soro shi da carbinsa.

Ni tela ne, amma ina kaɗa jita a gidajen biki. Baba bai taɓa hana ni ba, bai kuma taɓa kiran abin da sunansa ba. Katakon nan naka, haka yake cewa, har na yi aure na haifi 'ya'ya uku.

Wata rana na shiga gaishe shi, na tarar yana bubbuga gwiwa da yatsu. Na tsaya daga bakin ƙofa ina kallon yatsun, sai na gane takensa yake yi wa kansa. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Nan take na ƙudurta sai ya sake jin kiɗan nan da kunnensa, ko da sau ɗaya ne. Na yi makonni ina lalubo shi a kan jita daga abin da na riƙe tun ina yaro, ina jan tsirkiya da yatsa tana lanƙwasa murya, yadda mai kalangu ke matse nasa a hammata.

Da na ga na iya, sai na kinkimo amfilifayata, na'urar da ke ƙara wa jita sauti, zuwa gidanmu na Gwammaja bayan la'asar. Na yi abin da kowane mai kiɗa a garin nan yake yi, na ƙure kowane maɓalli har ƙarshe. Tattabarun maƙwabta suka watse, wani dattijo ya leƙo yana tambayar ko lafiya. Baba ya dube ni ya tambaya wa ya kawo injin markaɗe cikin soro. Raina ya ɓaci, na naɗe wayoyina na fita ko sallama ban yi ba.

Ina da wani aboki a unguwar Sheshe mai gyaran lasifikun masallatai. Da na ba shi labari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ciwonmu ke nan, mun ɗauka ƙara ita ce ji. Ya tambaye ni abin da Baba yake ji har yanzu. Na yi tunani na ce yana jin kiran salla, da sallamar maza, da dakan turmi, amma ba ya jin ƙarar waya ko muryar jikoki. Sai ya jawo wani ɗan akwati kamar sandar sabulu, wai shi ikwalaiza, ana kunna shi da ƙafa. Yana da maɓallai bakwai masu zamewa sama da ƙasa. Na hagu su ne kaurin murya, na dama kaifinta. Ya nuna mini yadda zan haɗa shi tsakanin jita da amfilifaya.

"Kunnen Baba bai toshe duka ba, akwai sauran 'yar kafa," in ji shi. "Ita za ka nemo. Kuma da ragewa za ka fara."

Ban yarda da shi ba, amma na karɓa. Bayan kwana biyu na koma. Na zauna a tabarma gaban Baba, na saita ƙarar daidai maganar mutum, na taka akwatin. Na sauke maɓallai biyu na hagu, gurnanin nan da nake alfahari da shi a gidan biki ya ɓace. Na sauke na ƙarshen dama. A kunnena jitar ta rame, ta zama abin tausayi. Baba yana jan carbi, ko ɗagowa bai yi ba. Na tura na uku sama, shiru.

Na ɗaga na huɗu, na bi shi da na biyar kaɗan, na sake ɗauko taken daga farko. Carbin ya tsaya.

Abin da na matsar bai kai tsawon farce ba, amma ga tsoho ya juya kai yana neman inda ake kiransa. Ya dubi ƙofa tukuna, kamar mai jiran wani ya shigo, sannan idonsa ya sauka a kan yatsuna. Na ci gaba da kaɗawa ina tasbihi a zuci, ina mamakin yadda Allah Ya tsara kunnen ɗan Adam, a ce duk ihun da muka yi shekaru muna yi gefen kafar yake bi. Ya miƙe zaune sosai, kafaɗunsa suka buɗe. Ban taɓa jin kwarjininsa kamar na ranar ba.

Da na kai ƙarshe ya girgiza kai.

"Ka cika gaggawa wajen saukar. Ja ta a hankali."

Ya rera mini da baki. Na bi shi, na sake, na kuma sakewa har ya daina gyara mini. Sai ya sa hannu ya cire hularsa, wadda yake zuwa Juma'a da ita, ya miƙo mini. Na ce haba Baba, ni ne fa.

"Na san kai ne," ya ce. "Ba a yi mini take makaɗi ya tafi hannu banza."

Na rusuna na karɓa da hannu biyu. Ya zauna kansa ba hula, furfura a fili, ya nuna jitar da haɓa ya ce in ƙara.