Gidan Shahata Ya Gaji

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, bakwai ga watan Rajab, da hantsi, gidanka ya rufta a kanka, Ammu Shahata, baffanmu duka. Ka ji bango yana ƙara, ka bi ɗaki-ɗaki kana fitar da mu, sannan ka koma ka duba ko an manta da wani. Ba a manta da kowa ba, kai ne ba ka fito ba.

Lokacin da ka baro Suhaj ka zo Alƙahira, harsashin hawa biyu ka haƙa, daidai kai da iyalinka. Ka bar ƙarafa a tsaye bisa rufi yadda kowa ke yi, don a ɗora wa ɗanka Ramzi ɗaki in ya tashi aure. Sai gona ta daina ciyar da mutane a ƙauye, aka yi ta kwararowa, kowa da sunanka a bakinsa. Ni ma haka na zo da mata da 'ya'ya, ka ɗora ɗakin Ramzi ka sauke mu a ciki, ka aiko mana da wake da gurasa. Wasu suka iso, ka ƙara hawa, ka sake barin ƙarafa a tsaye.

Matarka Ummu Ramzi ta sha yi maka faɗa: "Abu Ramzi, wai jirgin Annabi Nuhu kake ginawa? Gidan nan fa ya gaji!" Sai ka yi dariya ka ce, "To fita ki ce musu su kwana a titi, ni dai bakina ba zai iya ba." Bango ya tsage, aka shafe shi da siminti, domin babu mai wurin komawa.

Yau ga mu cikin tantuna a bakin masallaci. Gonakin an sayar, birnin kuwa ya cika ya batse. Wallahi ban ga mafita ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya karɓi shahadarka, Ya saukar da kai a gidan da ba ya tsagewa. Ya ba Ummu Ramzi da Ramzi haƙurin rashinka. Ya kuma dubi mutumin da ya sauka daga motar Suhaj ɗazu, da katifa a ka da mata mai tsohon ciki, yana tambayar masu zaman makoki hanyar gidan Shahata.